Asabar ɗin da Aka Tono Mama

Saƙon Yaya Smaranda ta bakin direban motar madara ya iso ni, don ita ba ta kirana a waya sai an yi mutuwa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Inna Didina, yayarki ta ce Asabar ta uku a Oktoba za a tono tsohuwa, ƙarfe takwas. Ta ce in kin ga dama ki zo. In ba ki zo ba, za ta kira Veta."

Na ce, "Haka ta faɗa?"

Ya ce, "Haka ta faɗa, har da ƙarin da ba zan maimaita ba." Ya ja motarsa ya bar ni tsaye da bokiti a hannu.

Shekara bakwai ke nan cif da binne Mama. A nan yankinmu na Olteniya ba sai an tuna wa kowa ba. In bakwai ta cika a buɗe kabari, a fito da ƙasusuwa, 'yar mamacin ta durƙusa ta wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwan inabi, ta shafa musu mai, ta zuba a farin buhun da ta ɗinka da hannunta, fada, wato limamin coci, ya yi addu'a, a mayar. Wanda bai bar 'ya ba kuwa, Veta ce ke wanke shi, tsohuwar nan mai ido ɗaya da ke zaune bayan maƙabarta, a sallame ta da kaza da tawul. A ƙauyenmu in mata biyu suka yi faɗa har ya kai ƙarshe, ɗaya takan ce wa ɗaya, "Veta ce za ta wanke ki." Daga nan babu sauran magana.

Yaya Smaranda ba za ta iya ba. Sanyin ƙashi ya nannaɗe mata yatsu, ko maɓallin riga sai maƙwabciya ta sa mata, gwiwa kuma ba ta lanƙwasuwa. Kuma ko da tana iyawa, ba ita aka ba aikin ba. Saura kwana huɗu Mama ta rasu, ina ba ta romo da cokali, ta damƙe mini wuyan hannu ta ce, "Ke za ki wanke ni. Smaranda ba ta taɓa wanke kwano ba ta ɓantare masa baki ba. Ba na so a tattara ni a bar haƙorana a ƙasa."

Na ce, "To, Mama."

Ta ƙura mini ido. "Ko addinin naku ya hana?"

Na ce, "Bai hana ba." Bakina ne ya faɗa, ni kaina ban sani ba.

Addinin namu da take nufi, ni da mijina Trifan mun yi baftisma ne wurin 'yan Baftis, waɗanda ƙauye ke kira tubabbu, shekara biyar kafin rasuwarta. Ban yi nadama ba, kar wani ya ce na ce. Kafin nan Trifan kullum a buge yake da barasar da kowa ke dafawa a bayan gida, ya fasa ƙofa, wani lokaci ya fasa ni. Tun ranar da aka tsoma shi a kogi bai ƙara taɓa kwalba ba. Muka daina kunna wa matattu kyandir, muka daina yi musu addu'a, domin wanda ya mutu ya riga ya isa inda za shi. Wannan na gaskata a lokacin, yau ma na gaskata. To amma wanke ƙashi addu'a ce? Hannu ne da tsumma. Sai dai fada zai tsaya a kaina da turarensa yana roƙa mata gafara, ni kuma ina durƙushe a gabansa kamar na ce amin.

Mako uku na yi da tabarau a hanci ina bin Littafi Mai Tsarki shafi shafi, tuwon masara na ƙonewa a kan wuta. Na ga inda aka ɗauko ƙasusuwan Yusufu daga Masar aka yi ta yawo da su a jeji, na ce yauwa. Na juya na ga inda aka ja kunne kan neman hulɗa da matattu, na ce to fa. Na ga inda aka ce a girmama iyaye. Na ga inda aka ce a rabu da al'adun banza. Duk ayar da ta ja ni hagu sai in tarar da 'yar'uwarta tana jirana ta ja ni dama. An yi maganar naman alade, an yi maganar gashin mace, har takunkumin bijimi a masussuka an yi maganarsa, amma ƙasusuwan uwa da aka yi wa alkawari, shiru. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa zan yi faɗan ba.

Na tambayi Trifan. Ya ce, "Uwarki ce, ni ba ruwana."

Na ce, "Da kana shan giya ai ka fi baki."

Ya ce, "Je ki tambayi Onisim," ya ɗauki manjagarar kwasar ciyawa ya fice.

Ɗan'uwa Onisim shi ne mai wa'azinmu, kiwon zuma ne sana'arsa. Mutum ne mai sanyin murya, irin sanyin da ke ƙara wa mai fushi fushi. Na same shi da rana a tsakiyar amyoyinsa yana busa hayaƙi. Na tsaya nesa don kar a harbe ni, na zayyana masa komai da ƙarfi.

Ya ce, "'Yar'uwa Didina, ba a rubuta ba."

Na ce, "Na san ba a rubuta ba, ai na iya karatu. Shi ya sa na zo."

"Akwai abubuwan da Ubangiji ya bar wa lamirin mutum."

"Nawa lamirin ya rabu biyu, kowanne da sandarsa, ni suke duka."

"Ki yi addu'a. Abin da za ki iya yi da zuciya ɗaya a gabansa, ki yi."

Na ce, "In kai ne fa?"

Ya sunkuya yana gyara murfin amya, ya daɗe yana gyara murfin da ba abin da ya same shi. Ya ce, "Ba ni aka tambaya ba."

Matarsa Lidiya tana bakin ƙofa da zane a kafaɗa, wai shanya za ta yi. Ta ce, "Ni dai ban ce komai ba, 'yar'uwa. Amma fada zai kasance a wurin, kuma mutane na da ido. Shekara goma sha biyu muna nuna musu mun fita daga duhu."

Na ce, "Kin ce ba ki ce komai ba."

Ta ce, "Ai ban ce ba."

Na koma gida da abin da na je da shi, har da ƙarin Lidiya a kai.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, duk makonnin nan ukun ina ɗinka buhun. Na yanko shi daga farin zanen gadon aurena, na yi masa ƙananan furanni a baki da jan zare irin waɗanda Mama ta koya mini. In na gaji da karatu sai in ɗauki allura, ina ce wa kaina ai ɗinki ba yanke shawara ba ne. Hannuna ya riga ya san inda za shi. Ni ce nake jiran a ba ni takarda.

Ranar Juma'a da la'asar na shiga ɗaki na durƙusa na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na ce, "Ya Ubangiji, tunda ba ka rubuta ba, ka nuna. In gobe gari ya waye a bushe, zan je in wanke ta. In ana ruwa, na san ka hana." Na tashi wasai, na ɗora wa Allah kayan. Har waƙa na yi ina tankaɗe.

Gari ya waye. Na buɗe ƙofa da shirina, baƙin ɗankwali a kai, buhu a jaka. Me zan gani? Ba ruwa ba ne, kuma ba rashin ruwa ba ne. Wani abu ne fari-fari yana yawo a iska, bai san ko sauka zai yi ko tashi ba. Kwanon rufi bai yi ƙara ba. Na miƙa hannu, ya yi danshi amma babu ɗigo. Na ajiye faranti a tsakar gida na tsaya a kansa.

Na ce, "Trifan, wannan ruwa ne?"

Ya duba sama ya ce, "Kaji ba su fake ba."

"To ba ruwa ba ne."

"Amma hulata ta jiƙe."

Na ce, "Kai, tafi ka ba ni wuri!"

Motar ƙarfe bakwai ta tsaya a bakin titi. Direban ya gan ni da baƙin kaya, ya danna oda sau biyu. Na ɗaga ƙafa, na tuna fuskar Lidiya, na duba faranti. Ya yi raɓa-raɓa. Na ce in dai wannan ruwa ne na tafi, na yi wa Allah gardama ido da ido. Motar ta wuce. Na ci gaba da tsayuwa, mace mai shekara hamsin da takwas, mai jikoki huɗu, ina gadin faranti.

Ƙarfe takwas da rabi ta buga kafin hankalina ya dawo. Babu murya daga sama, babu komai. Kawai na tuna yadda Mama ta damƙe mini hannu, na ji wurin yana zafi. Na ce, "Didina, tir da ke." Na shure farantin, na kama hanyar tudu da ƙafa, don wata motar sai azahar. Tafiyar awa biyu ce a taɓo mai kama takalmi. Na faɗi sau ɗaya, na ɗaga jakar sama don kar buhun ya ɓaci. Ina tafe ina kuka ina masifa, ban san rabon da na yi wa Allah magana da irin wannan muryar ba.

Tun daga bakin maƙabarta na san na makara, don mutane sun riga sun fara cin dafaffiyar alkamar sadaka a ƙananan kofuna. Suka buɗa mini hanya ba wanda ya gaishe ni. Fada yana naɗe mayafinsa. Masu haƙa biyu sun jingina da shebur suna shan taba. A bakin ramin kuwa ga Veta a durƙushe, hannayenta jajir da ruwan inabi har wuya, tana ɗaure bakin wata rigar matashin kai mai koɗaɗɗun furanni. Na san rigar. Ta ɗakin baƙin Yaya ce. A cikinta aka zuba Mama.

Veta ta ɗago idonta ɗaya ta ce, "A'a, 'yar nan, kin iso? Tas ta fito, ƙashi rawaya kamar kakin zuma, ba inda ya riƙe nama. An yafe mata. Mun jira ki har tara da rabi, yayarki ta hana kowa taɓawa, fada har ya fara duba agogo." Ta goge hannu a cinya. "Haƙora biyu ne dai ban gani ba. Ido ɗaya gare ni, ƙasar kuma ta jiƙe."

Na ajiye jaka na nufi ramin. Na ce, "Bari in sauka in duba."

Yaya Smaranda tana zaune a kan kujerar da aka ɗauko mata daga coci, hannayen nan nata a dunƙule kan cinya. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa masu haƙa, "Ku sa ta ku rufe."

Na ce, "Yaya, minti biyar."

"Ku rufe."

Suka karɓi rigar matashin suka sauke da igiya, suka fara tura ƙasa. Na je gabanta na tsaya, taɓo har gwiwa. Na ce, "Yaya, ruwa ne ya…"

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dube ni. "Wane ruwa?"

Na juya na ɗauko jakata. Na zaro buhun na nuna mata, da jan furanninsa. Na ce, "Na ɗinka. Mako uku ina ɗinkawa."

Ta ce, "Ya yi kyau. Ki ajiye wa kanki, ke da kike da 'ya'ya." Sai ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kin ɗauka don Mama na tsayar da fada awa ɗaya da rabi a cikin sanyi? Mama ta gama nata, Veta ko ke duk ɗaya ne a wurinta. Ni ban haifa ba, Didina. So nake in gani ko ina da mai wanke ni." Ta miƙa wa maƙwabciyarta hannu a ɗaga ta. "Na gani."

Ban bi su gidan cin abinci ba, ba a kuma ce in zo ba. Na tsaya har aka gama rufewa, na koma ta tudun da na zo. Kafin in kai gida rana ta fito.

Kashegari Lahadi na je sujada, don ban san inda zan je ba in ba can ba. Bayan an tashi Lidiya ta matse mini hannu ta ce, "Na ji ba ki taɓa ba. Ubangiji ya tsare ki." Na zare hannuna na wuce, don in na buɗe baki sai an kira taron dattawa a kaina.

Onisim ya tare ni a bayan majami'a, wajen tarin itace. Ya waiga ya ga ba kowa, ya ce, "Na ji kin je."

Na ce, "Na je na makara."

Ya yi ta murza hularsa. Can ya ce, "Ni na wanke babana. Can garinmu, shekara biyu da fara wa'azina. Ba ni da 'yar'uwa, na ƙi a kira wata. Na durƙusa a gaban fada na wanke shi tas. Ban taɓa jin Ubangiji ya tsawata mini ba."

Na dube shi. Na ce, "Maimaita."

"Ko Lidiya ba ta sani ba."

"Na tsaya a cikin ƙudan zumarka na ce in kai ne fa. Ka ce ba kai aka tambaya ba."

Ya ce, "Ban so in ɗaure lamirinki da nawa ba, 'yar'uwa. Abin da ya halatta gare ni…"

Na ce, "Lamirina kake tsoro ko matarka?"

Ya mayar da hularsa ka. Na so in zage shi tun daga kakansa, amma mu tubabbu ba ma zagi. Na ce masa, "Allah ya ba ka irin taimakon da ka ba ni," na wuce.

Na yi wata shida ba na gaishe shi. Na ji haushin Lidiya, na ji haushin Trifan da hularsa, na ji haushin Allah da ya iya aiko da ruwan tufana amma ya aiko mini da raɓa. Wannan na faɗa masa a fili, ban ɓoye ba. Sai dai duk inda na kai haushin sai ya dawo ya zauna a ƙofata. Ba nufin Allah nake nema ba a makonnin nan uku. Wanda zan nuna da yatsa nake nema, in Lidiya ta yi magana in ce aya ce ta aike ni, in Yaya ta yi magana in ce ruwa ne ya hana ni. An bar mini abu ɗaya in yanke da kaina, a matsayina na babbar mace mai hankali da ta san uwarta ta kuma san Ubangijinta, na miƙa wa faranti.

Yaya Smaranda ta ƙara shekara huɗu. Nakan hau motar bakwai duk ranar Laraba in je in share mata ɗaki, in yi mata wanki, in sa mata maɓalli. Ba ta taɓa korata ba. Takan ce, "Sannu da aiki," yadda ake ce wa 'yar aiki. Sau biyu na ɗauko maganar, sau biyu ta ce in duba mata ko wake ya nuna.

Ta rasu a Fabrairun bara, aka binne ta a kan Mama. Bayan an watse fada ya kira ni gefe, yana ta kame-kame, ya ce marigayiya ta bar magana a gaban shaidu biyu. In bakwai ta cika, matar ɗan Veta ce za ta wanke ta, tunda Veta ta riga ta rasu. Ya ce kazar da tawul ɗin ma ta kai musu da kanta tun kaka, tana dogara sanda.

Buhun yana nan a ƙasan akwatina, da jan furanninsa. In yau wani ya tambaye ni ko Kirista zai iya wanke ƙasusuwan nasa, ba sai na sa tabarau ba, kuma ko ƙanƙara ake zubawa zan hau tudun nan. Shekara shida suka rage a tono Yaya. Na san watan, na san ƙarfe nawa, na san abin da zan yi in an kira ni. Ba za a kira ni ba.